Jirgin da Na Liƙe da Ƙaro

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, da na shiga tabki har ƙugu sanye da farin wando da takalmi sau-ciki, ina kamun gutsattsarin katako kamar mai kamun fara, rabin gari na tsaye a bakin ruwa suna riƙe da ciki don dariya. Yawancin waɗanda suka ga abin sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na bi ta wurin sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Gara in ba ku labarin da bakina tun kafin wani ya ba ku shi da ƙarin gishiri (ko da yake, tsakani da Allah, abin ba ya bukatar gishiri).

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni kuwa sabon mushe ne, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, an turo ni Tawa ina koyar da 'yan aji uku. Saurayi ne ni siriri kamar sillen kara, da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, ado ne kawai. Ina jin Faransanci, kuma ina so duniya ta san ina ji.

Mahaifina masassaƙi ne a wani ƙauye kusa da Barmu. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar gatari, duk daga hannunsa suke fitowa, kamar yadda suka fito daga hannun ubansa da kakansa. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in gaji gizago. To, ran da dogaran sarki suka zo neman yaran da za a kai lakwal, kowa ya ɓoye nasa a rumbu, ni kuwa aka same ni tsakiyar hanya na ɗaga kai ina kallon gajimare. Haka aka tafi da ni. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba. Abu guda yake yi: duk ran da na je gida hutu na durƙusa gaishe shi, sai ya kama hannuna ya juya tafin, ya shafa da babban yatsansa, ya ce, "Hannun ga bai san icce ba." Ba da fushi yake faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin cewa bana ruwa ya yi jinkiri. Amma maganar nan ta fi bulala ciwo, kuma na yi shekara goma sha biyar ina ɗauke da ita. Ba abin da nake so a duniya irin in ji ya janye ta, ko sau ɗaya. Ga shi kuma yanar ido ta fara kama shi, abin nesa ya daina gani, na kusa ma sai ya haɗa da lalube.

Akwai wani abu kuma game da Baba. Da ƙuruciyarsa ya tafi Makka da ƙafa, yana sassaƙa turame a hanya yana ci, har ya kai Sawakin, ya ƙetare Bahar Maliya a jirgin da iska ke turawa. Ba mai yawan magana ba ne, sau ɗaya tak ya taɓa ba mu labarin, ina ƙarami, yana fafe akushi a gindin aduwa. Ya ce ruwa ne kore shar, ba gaɓa gabas ba gaɓa yamma, jirgi kuma an ɗaura masa farin ƙyalle ya fi rumfar kasuwa faɗi, iska ta cika shi ya yi tulu. Daga nan ya ci gaba da fafe akushinsa. Ni kuwa tun daga ranar ban sake dawowa daidai ba. In iska ta bi ta kan gonar hatsi da damina, ganye ya kwanta ya tashi, sai in ce ga teku. In na hau tudun rairayi na hangi arewa, sai in ga jirage. Har na zama mushe ina zana wa yara teku a allo da shuɗin alli, ina faɗa musu zurfinta da sunayenta, alhali ruwan da ya fi kowane girma da na taɓa gani shi ne tabkin Tawa.

Ana nan sai diraktan lakwal ɗinmu, wani Bafaranshe mai yawan tari, ya tashi komawa ƙasarsu. Ya raba kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wani ya sami kujera, wani fitila. Ni ya miƙo mini wani dogon kwali da ya yi shekaru a ƙarƙashin gadonsa, ya ce ya sayo ne don ya rage zaman kaɗaici, amma zafi bai bar shi ba. A bayan kwalin akwai hoton jirgin ruwa mai dirkoki uku, fararen ƙyallaye sun ƙoshi da iska, ruwa na tsagewa a gabansa. Na tsaya ina kallo har na manta ban yi godiya ba.

Da na buɗe a gida sai na ga ashe jirgin ne kansa, amma a warwatse: siraran katakai kamar tsinken tsintsiya, wasu kamar haƙarƙarin ɗan akuya, da zare, da ƙananan ƙusoshin tagulla, da wani ɗan littafi mai bayanin yadda za a haɗa. A take zuciyata ta ce mini, "Ga icce, ga kuma teku. Ka haɗa wannan ka ajiye gaban Baba, ka ji abin da zai ce."

Matsala biyu na tarar. Ta farko, abin liƙin da Turawa suka sa a ciki ya bushe ya zama dutse, ko da guduma ba ka fasa shi. Wannan bai dame ni ba. Na tafi kasuwa na sayo ƙaro mai kyau, fari tas, na jiƙa shi ya yi kauri kamar zuma, na gwada a katako biyu, da ya bushe na ja na ja bai rabu ba. Na ce wa kaina ai mun sami mulkin kai, har abin liƙi ma namu ya ishe mu. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Ta biyu, gara ta shiga kwalin ta wata kusurwa, kuma duk cikin katakan ba ta zaɓi ci ba sai ɗan allon nan da ake sa wa jirgi a wutsiya, wanda ke juya shi dama da hagu, linzamin jirgi ke nan. Ta bar mini hotonsa kawai a littafi. Dole na samo guntun iccen aduwa na zauna da wuƙar fiƙe fensir. Na farko ya tsage. Na biyu ya tsage. Na uku na kusa gamawa wuƙa ta zame ta shiga tafin hannuna. A na huɗu ne, ina zaune da tsumma ɗaure a hannu, na tuna abin da Baba kan ce wa ƙannena: "Icce na da hanyatai. Bi ta, kak ka yi mai gardama." Na juya guntun, na bi inda wuƙa ke tafiya da sauƙi, sai ga shi ya fito sumul. Amma launinsa ya fi na sauran duhu, ya yi kama da baƙauye cikin 'yan birni. Kunyarsa nake ji, har na shafe shi da farin alli don kada a gane ba daga Faransa ya zo ba.

Wata biyar na yi ina wannan aiki, kuma ban taɓa jin daɗin wasu watanni kamar su ba. A zamanin ana tashi daga lakwal da tsakar rana, ba a komawa sai bayan azahar, ranar Alhamis kuma babu karatu. Lokacin da gari ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa, ko kaji sun buɗe baki suna haki, ni ina ƙarƙashin rumfar zana da jirgina. In kafa ƙashin baya, in jera haƙarƙari, in jiƙa siririn katako a ruwan zafi har ya yi laushi, in lanƙwasa shi a jikin haƙarƙarin, in shafa ƙaro, in danne da yatsa ina jira ya kama. A cikin wannan jiran ne nake tafiya. Sai in ji rumfar ta fara lilo a hankali. Kukan kurciya ya koma na wasu fararen tsuntsaye da na gani a littafi. In ga Baba saurayi, baƙin gemu, yana zaune a gaban jirgi da gizagonsa a kafaɗa, ni kuma ina baya riƙe da linzami, ya waiwayo ya ce mini in karkata dama. Mukan wuce Sawakin, mu wuce Jidda, mu kai wasu garuruwa da ba su cikin taswira, masu fararen soraye da dabino har bakin ruwa. Sau biyu ƙararrawar lakwal na dawo da ni Tawa a makare, da ƙaro a gemu.

Maƙwabcina, Mushe Bitrus, Kirista ne mutumin wajen Maraɗi, shi ke koyar da 'yan aji biyar, kuma ya taɓa zuwa Kwatanu ya ga teku da idonsa. Matarsa ce ta ɗinka mini ƙyallayen jirgin a kekenta. Shi kuwa yakan leƙo ta kan darni ya ga inda aka kwana. Ran da na kusa gamawa ya ga wasu katakai biyu masu baki kamar gwafa a gefe, na jera alƙalumana a kansu.

"Aboki, waɗannan biyun fa?"

"Saura sunka yi," in ji ni. "Nasara ma shina kuskure."

Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Ka karance littafin nan har ƙarshe kuwa?"

Na ce masa ni da nake koyar da Faransanci ba za a tambaye ni wannan ba. Gaskiyar magana, na karanta har inda aka ɗaura zaren ƙarshe. Shafin da ya rage na ɗauka gaisuwa ce da godiya irin ta 'yan kasuwa.

Baba yakan shigo Tawa wata Lahadin da jakinsa, ya kawo turame da akusa kasuwa, ƙanena na ja masa gaba. Ana tsakiyar damina ya biyo ta gidana shan ruwa. Na ɗauko jirgin da hannu biyu, na ajiye a kan tabarma. Ya sunkuya har hancinsa na kusa taɓa zaren. Ya bi cikin jirgin da yatsa tun daga gaba har tsakiya. Ya daɗe. Sa'an nan ya ɗago.

"Shina hawa ruwa?"

Ya kamata in gaya muku yadda Baba ke aiki. Bai taɓa kai akushi kasuwa ba sai ya cika shi da ruwa ya ajiye ya wuni. In ya ga danshi a gindi, ko kaɗan ne, sai ya jefa shi murhu. A wurinsa kyau ba shi ne aiki ba. Akushi ya riƙe miya, turmi ya ɗauki duka, jirgi ya hau ruwa. Don haka da ya yi tambayar nan na san ba hira yake ba.

Da ina da hankali da na ce ban sani ba. Amma sai na ji bakina ya ce, "Ƙwarai kuwa, Baba. Har tahiya shi kai."

Ya ce, "To. In tabki ya cika mu gani."

Kada ku ce ban yi tunanin gwada shi a daro ba. Na yi. Har na cika daron, na ɗauko jirgin, sai na ga yadda yake sheƙi (man gyaɗa na shafa masa), na ce a'a, jirgi irin wannan ba a fara masa da ruwan wanki. Ruwansa na fari a gaban Baba zai sha shi. Na zubar da ruwan na ɗauko tawada, na rubuta masa suna a gaba da kyakkyawan rubutu: Gamzaki. Mushe Bitrus ya sake gwada sa'arsa, ya ce shi dai irin waɗannan jiragen da ya gani a Kwatanu, a kan tebur ya gan su, a gidajen Turawa. Na ce masa ai don ba su da tabki kusa ne. Ya dube ni, ya ce Allah ya kai mu.

Allah kuwa ya kai mu. Kaka ta yi, an koma lakwal, tabki ya cika fal har gindin bagaruwa. Baba kaɗai na gayyata. Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa 'yan ajina, wai don su ga darasi a aikace. Kafin Lahadi babu gidan da ba a ji ba cewa mushen aji uku ya ƙera jirgin ruwa. Wasu ma sun ji cewa zai ɗauki mutane.

Da hantsi na fito cikin farin wando mai kari da farar taguwa, takalmi na ƙyalli, jirgi a hannu an lulluɓe da mayafi kamar amarya. Na tarar da bakin tabki ya cika. Ga mata masu wanki, ga Buzaye sun kawo raƙuma shan ruwa, ga 'yan kasuwa da suka bar rumfunansu, ga samarin Adar 'yan cin rani da suka sha ganin jirage na gaske a Abijan, suna tsaye sun harɗe hannu. Wani mai hankali da ya ga taron nan da ya rage murya. Ni sai na ji kamar an ƙara mini tsawo. Na shimfiɗa wa Baba buzu a gaba, na yi jawabi, rabi da Hausa rabi da Faransanci, a kan teku da iska da ci gaban ƙasa. Sa'an nan na yaye mayafin. Jama'a suka ce, "Kai!" Wannan "kai" ɗin har yau ina jin daɗinsa, don shi kaɗai na samu.

Na durƙusa na ɗora Gamzaki a kan ruwa, na sake shi.

Ya zauna. Wallahi ya zauna. Wata 'yar iska ta taso daga gabas, ƙyallayen suka motsa, suka cika, jirgin ya ja jiki ya bar gaɓa, ruwa na tsagewa a gabansa kamar yadda yake a hoton kwali. Rana ta faɗo a kan fararen ƙyallayen, inuwarsu na rawa a ruwa. Ban ƙara ganin raƙuma ba, ban ga bagaruwa ba, gaɓar can ma ta ɓace. Ruwan tabkin nan ja mai laka ya zama kore shar. Ban san hawaye na zubo mini ba sai da na ji gishiri a baki.

Baba ya jawo ƙafar wandona. Idonsa ba ya kaiwa can.

"Hwaɗa min. Mi shi kai?"

"Shina tahiya, Baba! Iska ta cika shi, ya yi tulu!"

Ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta saki, na ga ya tafi wani wuri mai nisa. Tsawon abin duka bai wuce a karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ba.

Sai iskar ta ƙara ƙarfi kaɗan.

"Yanzu hwa?"

"Ya... ya ɗan karkata, Baba."

"Yanzu hwa?"

Gamzaki ya kwanta a gefensa kamar jakin da ya gaji, dirkokinsa uku a cikin ruwa, yana ta juyawa a hankali yana nufar tsakiyar tabki. Wata tsohuwa mai wanki ta taimake ni da amsa, da murya har kasuwa: "Alhaji, jirgin mushe ya yi kwana!"

Dariya ta fashe. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam ina jira ya tashi da kansa. Na daɗe ina jira, don a raina ina auna farin wandona da jan ruwan nan. Masu ba da shawara suka yi yawa: wani ya ce a jefa igiya, wani ya ce a tura raƙumi, wani ɗan cin rani ya ce a Abijan in jirgi ya yi haka mai shi ake fara kamawa. Da na ga abin na ƙara nisa sai na rufe ido na faɗa ruwa, ko takalmi ban tuɓe ba. Taku na uku laka ta karɓe na dama. Taku na biyar ta karɓe na hagu. Na kai ga jirgin ruwa na ƙuguna. Abin da na fara lura da shi, sunan ya tafi, sai wani baƙin zirin tawada da ke bin ruwa.

Na kama babbar dirka don in ɗaga shi. Dirkar ta biyo hannuna, jirgin ya tsaya inda yake. Na sa hannu biyu na tallabo cikinsa, na ji ya yi santsi kamar kuɓewa. Daga nan katakan da na yi wata biyar ina lanƙwasawa, kowane ya tuna cewa shi miƙaƙƙe ne tun asali. Ɗaya ya ɓalle, na kusa da shi ya bi, sai gaba ɗaya jirgin ya buɗe a hannuna kamar furen kabewa. Na shiga kamun gutsattsari, in kama wannan wancan ya gudu, alƙalumana biyu suka zame daga aljihu suka bi sahun takalma. A nan ne santsi ya ɗebe ni na zauna daɓas, ruwa har wuya. Tsohuwar nan ba ta gaji ba: "Alhaji, yanzu kam ya zama hura!"

Na fito ba takalmi, wando ya koma launin tukunya, na tattaro abin da na samu a cikin taguwata. Na zube a gaban Baba na durƙusa, ban iya ɗaga kai ba. Na gwammace ƙasa ta tsage. Ya sa hannu ya ɗauki katako ɗaya, ya murza, ya kai hanci, ya ɗan taɓa da harshe.

"Da mi kal liƙe shi?"

"Da ƙaro, Baba."

"Ƙaro?" Ya sake murza katakon. "Ƙaron da a ka sawa cikin tawada, dan in an yi rubutu a wanke a sha?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Babu yaron da ya taɓa riƙe allo a ƙasar nan da bai san ƙaro ba ya jure ruwa ba. Tsohuwar nan ta sani. Buzayen nan sun sani, su da ke tsinko shi a daji. Ni kaɗai ne ban tuna ba, mai shuɗin alli.

Baba ya fara dariya. Tunda nake ban taɓa jin ya yi irinta ba, har rawaninsa ya kwance, yana share ido yana cewa, "To, raƙuman Tawa yau kun sha rubutu!" Da ya lafa sai ya tambaye ni duwatsu nawa na sa a cikin jirgin. Na ce duwatsu kuma, a jirgi? Ya ce wanda ya shiga a Sawakin, ƙasan cikinsa duwatsu ne jere, su ke hana iska kayar da shi. "Abin da ba shi da nauyin ciki ba shi tsayuwa," in ji shi. Sa'an nan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Wata biyat kana wanga aiki. Ni na shiga jirgi, kuma icce na sani. Mi ya hana ka tambaye ni?"

Wannan ta fi dariyar jama'a zafi. So nake in burge shi, shi ya sa ban tambaye shi ba, na tafi ina tambayar takarda.

Mutane suka fara watsewa, kasuwa na kira. Baba bai tashi ba. Ya ci gaba da lalube cikin tarkacen, yana ɗauka yana ajiyewa, kamar mai tsintar wake. Can sai hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ɗan linzamin nan. Ruwa ya wanke allin da na shafa masa, ya fito da duhunsa.

"Wanga ba iccen Nasara ba na. Aduwa ta."

Na ce i, gara ce ta cinye na ainihin.

"Wa yas sassaƙa shi?"

"Ni, Baba."

Ya bi shi da yatsa ta wannan gefe, ya juya ya bi ta wancan. Ya gwada lanƙwasa shi, bai lanƙwasu ba. Ya daɗe har na fara jin sanyin jiƙaƙƙen wandona. Sa'an nan ya ce, "Ka bi hanyatai." Ya miƙo hannu ya kama nawa, ya juya tafin kamar yadda ya saba. Na riƙe numfashi ina jiran maganar nan. Babban yatsansa ya sami tabon wuƙar, ya tsaya a kai, ya shafa sau biyu. Ya saki hannun, ya jefa linzamin a aljihun rigarsa, ya ce wa ƙanena ya kawo jaki. Har ya juya sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran Alhamis ba ku da lakwal. Ka taho gida, akwai wani guntun icce."

Da la'asar Mushe Bitrus ya leƙo ta kan darni, ya tarar ina shanya wando. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce in ba shi littafin, ya buɗe shafin ƙarshe ya miƙo mini. Layi uku ne. Na farko ya ce katakai biyun nan masu baki kamar gwafa, a kansu ake ɗora jirgin. Na biyu ya ce a ajiye shi inda ƙura ba ta kaiwa. Na uku, da manyan baƙaƙe, ya ce wannan jirgi na ado ne, kada a kusantar da shi ga ruwa.

Sunan Mushe Mai Jirgi ya bi ni har na yi ritaya, akwai ma waɗanda ba su san ina da wani suna ba. Ranakun Alhamis kuwa na yi ta zuwa gida har shekara huɗu, akushina na farko da na biyu duk murhu suka tafi. Baba bai taɓa cewa hannuna ya san icce ba, ba irinsu ba ne. Ya dai daina cewa bai sani ba. Bayan rasuwarsa aka miƙo mini tasbaharsa, sai na ga ɗan linzamin nan a ɗaure a bakinta, an huda shi an zura zare, ya yi baƙi ya yi sulɓi don yawan shafa.

Tun daga ranar tabki, in aka ba ni takarda, ko ta maganin tari ce, daga shafin ƙarshe nake farawa. Abin da zan nuna wa duniya kuma sai na fara gwada shi a daro, ƙofa a rufe. In kuwa akwai tsoho a kusa, shi nake fara tambaya kafin takarda. Teku dai har yau ban gan ta ba. Amma na taɓa tuƙa jirgi da Baba a ciki, tsawon Fatiha da Ƙulhuwallahu, kuma takalma biyu da alƙalami biyu ba su yi tsada ba.